Ƙanwar Baba Hanci

Shekara ashirin da bakwai babu buhun gyaɗar da ya shiga siton kamfanin matsar mai bai bi ta ƙarƙashin hancinsa ba. Tun ana kiransa da sunan yanka har sunan ya ɓace, kowa ya koma cewa Baba Hanci, daga Manaja har 'yan dako, har matarsa in tana jin tsokana. Aikinsa ɗaya ne. Zai soka ƙarfe mai rami a cikin buhu, ya zubo 'yan ƙwayoyi a tafin hannu, ya murza, ya lumshe ido, ya ja numfashi. In ya ce "Ta wuce," a ɗauka a jera. In ya ce "Fumfuna," a ja buhun gefe, ko da mai kayan zai yi ta rantsuwa har rana ta faɗi. Gyaɗar da ta soma fumfuna ba ta saurin nunawa a ido, amma man da aka matsa daga gare ta yana cin hantar mutum a hankali. Shi ya sa ba a wasa da maganarsa.

Ana nan sai ga Injiniya ta zo da na'urarta.

A idonsa yarinya ce, sa'ar 'yarsa ta biyu, mai tabarau da saurin magana. Shekara biyu ta yi tana haɗa abin. Na'urar ba ta fi bulo ɗaya girma ba, ruwan toka, da ɗan bututu a gaba da fitilu biyu a sama. A zuba gyaɗa a kwalba, a sa bututun a ciki, sai ta yi 'yar ƙara tana zuƙar iska. In lafiya, koriyar fitila ta kama. In akwai fumfuna, ja ta kama.

'Yan dako sun zuba ido su ga Baba ya tsani abin. Ina! Tun ranar farko ya jawo benci ya zauna kusa da ita, baki har kunne. Wata huɗu suka yi haka. Injiniya ta miƙo kwalba, shi ya sansana ya faɗi abin da ya ji, ita kuma ta danna maɓalli don na'urar ta riƙe.

"Kai ne malaminta, Baba," in ji ta. "Duk abin da ta sani daga hancinka ta ɗauko."

Dogo, shugaban 'yan dako, wanda suka shekara ashirin suna cin abinci a kwano ɗaya da Baba, ya tsaya da buhu a ka ya ce, "To fa! Ashe ƙanwa aka haifa maka da tsufa. Allah ya raya, amma ba ta kama da kai, ta fi ka kyau."

Daga ranar sunan ya bi ta.

Abin da 'yan dako ba su sani ba, Baba ya daɗe da wata damuwa da bai taɓa gaya wa kowa ba. Mutum uku ya gwada koya wa aikin nan, duk suka kasa. Wari ba ya rubutuwa a takarda. Yaya za ka kwatanta wa mutum bambancin gafin ɗanyar gyaɗa da ɗan bashin da ke cewa ruwa ya taɓa ta tun a gona? Yakan zauna ya ce a ransa, ranar da aka rufe shi, da shi za a rufe abin duka. Yanzu ga wani abu ya zo yana ɗauka yana ajiyewa. Duk lokacin da fitilar ta faɗi abin da ya faɗa, sai ya bugi gwiwarsa ya ce, "Yawwa 'yar gari! Ta ji shi!"

Ranar wata Juma'a da yamma Manaja ya tara su ya faɗi magana biyu. Ta farko, ranar Litinin za a yi gwaji. Shi da kansa zai jera buhu goma sha biyu, ya ɓoye uku masu fumfuna a ciki. In na'ura ta zaƙulo su, kamfani zai karɓe ta, a kai irinta sauran wuraren ajiya. In ta kasa, Injiniya ta tattara kayanta, magana ta ƙare. Ta biyu, gobe masu feshin maganin ƙwari za su rufe siton, kada a bar komai mai numfashi a ciki.

"Har ƙanwarka, Baba," in ji Injiniya bayan an watse. "In ta shaƙi feshin nan, sai dai wata ba ita ba. Ni kuma gobe zan kai mahaifiyata asibiti a wani gari, ba zan shiga motar haya da ita ba, ga fetur ga hayaƙi. Za ka riƙe mini?"

Baba ya ji kamar an naɗa masa rawani. "Kawo ta, 'yata."

Ta sa na'urar a baƙar jakarta mai tauri, tana nuna masa. "Kada ka fitar da ita daga jakar nan. Ka ga robar bakinta? In an rufe, iska ba ta shiga. Wannan murfin bakin bututu ne, kada ya fita. Waɗannan 'yan ƙulle-ƙullen danshi suke shanyewa, ka bar su a ciki. Ban da rana, ban da kusa da murhu. Turare kuwa, Baba, ko a mafarki."

"Har turare? Ai shi ƙamshi ne."

"Ita ba ruwanta da ƙamshi ko wari. Duk abin da ta shaƙa da yawa maƙale mata yake yi, sai ta kwana biyu ba ta jin komai sai shi."

"Ni za ki gaya wa?" Ya yi dariya. "Tun kafin a haife ki rabona da shafa turare ranar aiki."

Bai hau babur ba. Da ƙafa ya taka har gida, tafiyar kusan awa guda, rungume da jakar a ƙirji, yana kauce wa masu gasa nama da masu gyaran mota kamar mai ɗauke da jinjiri. Tun daga ƙofa ya soma kira.

"Maman yara! Kwashe kwalaben turarenki ki kai maƙwabta. Mun yi baƙuwa."

Matarsa ta leƙo daga madafa tana goge hannu. Ta dubi jakar, ta dube shi. "Wannan ce baƙuwar? To sannu da zuwa. Me take ci?"

"Iska."

"Ta zo gidan da ya dace. Iska kam ba ma sayenta."

Ta kwashe turaren tana dariya. Shi kuma zumuɗi bai bar shi ba. Ya ce a ransa, buɗewa na minti ɗaya ba zai kashe kowa ba. Ya buɗe jakar, ya cire murfin bututun ya nuna mata ɗan ramin. "Ta nan take ji. Kin san jiya buhu arba'in muka gwada, ba mu saɓa ko sau ɗaya ba?"

"Allah mai iko. Amma Malam, ka manta jikokinka na nan tafe jibi? Su biyar. Ka tuna yadda suka yi da rediyonka."

Rediyon nan har yau ba a ga eriyarta ba. Ya tsaya tsakiyar ɗaki yana waige-waige. Saman kabad? Can kusa da kwanon rufi ne, da rana zafi kamar tanda. Ƙarƙashin gado? Ƙasa na da danshi, ga ɓeran da ya cinye masa takalmi. Abu ɗaya ne a duk gidan yake da kwaɗo: akwatin ƙarfen da ya gada wurin mahaifinsa, inda yake ajiye manyan rigunansa da takardun gida. Duk abin da yake da daraja a rayuwarsa a nan yake kwana.

Ya buɗe ya gwada sa jakar. Ta ƙi shiga. Ya juya ta, ya karkata ta, saura kamar yatsa biyu murfin akwatin ya rufu. Ya zauna a bakin gado ya yi lissafi irin nasa. Amfanin jaka dai kariya ce. To jakar roba da akwatin ƙarfe mai kwaɗo, wanne ya fi kariya? Da yarinyar ta ga akwatin nan, da kanta za ta ce a sa. Ya ciro na'urar, ya naɗe ta a rigarsa mafi laushi, ya kwantar da ita a tsakiya. Murfin bututun yana can cikin jaka, ya manta da shi.

A kusurwoyin akwatin akwai fararen ƙwayoyin kafur da matarsa take sabuntawa duk shekara saboda asu da kyankyasai. Ya gan su. Har ma ya tura guda biyu gefe da yatsa don baƙuwa ta sami wuri. Amma a kansa kafur ba turare ba ne, magani ne. Tun yana yaro haka akwatin nan yake, haka kayan mahaifinsa suke, hancinsa ya daɗe da daina kawo masa labarinsa. Ya rufe, ya datse kwaɗo, ya rataya makullin a wuya. Jikoki suka zo suka juya gidan, suka fasa kofi biyu, suka tafi. Baba yana zaune a kan akwatin yana murmushi.

Ranar Litinin da sassafe ya mayar da ita jakarta. A nan ya ga murfin, ya ce "Af," ya toshe bututun, ya rufe, ya kama hanya.

Siton ya cika. An buɗe manyan ƙofofi biyu, an share fili a tsakiya, buhu goma sha biyu na tsaye a jere, kowanne da lambarsa da alli. Direbobi sun bar motocinsu, masu awo sun bar sikeli, har mai shayin bakin ƙofa ya shigo da butarsa a hannu. Manaja yana ta shafa aljihun rigarsa, inda ya sa takardar da ya rubuta lambobi ukun.

Injiniya ta iso a gurguje, kai tsaye daga tasha, ido ja, tana fyace hanci. Mura ta kama ta a hanya. Ta karɓi jakar da hannu biyu. "Na gode, Baba. Ta kwana lafiya?"

"Kamar sarauniya."

Ta kunna. A ƙa'ida na'urar takan yi rabin awa tana zuƙar iska mai tsafta kafin ta natsu. Yau rabin awa ta wuce, Injiniya tana duban ɗan allon tana yamutsa fuska.

"Malama, motoci na jira," in ji Manaja.

"Ranka ya daɗe, ba ta gama natsuwa ba."

"Ranar da take aiki ma haka za mu tsaya jiran ta natsu? Mu je."

Aka soki buhu na ɗaya aka zuba a kwalba. Na'ura ta yi ƙararta. Ja. Jama'a suka ce "Kai!" Buhu na biyu, ja. Na uku, ja. A na biyar an fara ƙus-ƙus. A na takwas an fara dariya. Har na goma sha biyu, fitilar nan ba ta canja ba. Dogo ya ɗauko kwalbar da babu komai a ciki ya miƙa. "Don Allah gwada mana wannan." Injiniya ba ta so ba, amma Manaja ya gyaɗa kai. Ja.

Siton ya kaure da shewa. "Iskar ma ta yi fumfuna!" in ji wani direba. "Jama'a kowa ya daina numfashi!"

"To Baba," in ji Manaja, "nuna mana yadda ake yi."

Baba ya miƙe. Da farko jikinsa a sanyaye yake, amma da ƙarfen ya shiga hannunsa sai tsohon jinin ya motsa. Ya soka, ya murza, ya lumshe ido. "Ta wuce. Ta wuce. Ta wuce." A na huɗu ya ɗaga yatsa. "Fumfuna." A na bakwai bai ma gama jan numfashi ba. "Wannan ruwa ya doke ta tun a gona." Na goma sha ɗaya ya ba shi wuya. Ya sake soka daga ƙasa, ya tauna ƙwaya ɗaya, ya tofar. "Ita ma."

Manaja ya zaro takarda ya ɗaga sama. Huɗu, bakwai, goma sha ɗaya.

Kafin ya ankara ƙafafunsa sun bar ƙasa. 'Yan dako sun ɗora shi a kafaɗa suna zagaya buhunan, suna buga faranti, suna rera "Hanci! Hanci!" Hularsa ta faɗi wani ya cafe. Kuma gaskiya, ya ji daɗi. Daɗin da bai taɓa jin irinsa ba. Shekara ashirin da bakwai yana tsaye a ƙofar nan ba wanda ya taɓa tafa masa. Ya ɗaga hannu biyu yana dariya har da hawaye.

Da suka sauke shi ne ya hango Injiniya. Tana durƙushe gaban na'urar, ta cire tabarau tana gogewa da gefen mayafi, gogewar da ba ta ƙarewa. Manaja ya ce mata ta same shi ofis da ƙarfe biyu a rufe magana.

Baba ya ƙarasa. "Sannu, 'yata."

"Ban san me ya faru ba, Baba. Wataƙila tun farko ban haɗa ta daidai ba." Ta ja hanci. "Na dai san ba daga wurinka ba ne."

Ya sunkuya ya ɗauki na'urar don ya taya ta sawa a jaka. Ta yi ɗumi saboda aiki, tana fitar da iska ta ɗan ramin bayanta. Iskar ta bugi fuskarsa. A nan, a tsakiyar warin gyaɗa da buhu da zufa, inda ba wurinsa ba, abin ya fito fili kamar farin zare a baƙin yadi.

Kafur.

Ya ajiye ta a hankali. Ya dubi jama'a. Babu mai jin abin sai shi. Injiniya mura ta toshe ta, sauran kuma ko an tura musu a hanci ba za su ce komai ba. Nan da kwana biyu warin zai gushe, babu wanda zai taɓa sani har abada.

Ya fita bayan sito wurin famfo, ya buɗe ruwa yana wanke fuskar da ba ta yi datti ba. Dogo ya biyo shi da hular.

"Gwarzo! Me ya same ka kamar wanda aka yi wa rasuwa?"

Baba ya gaya masa, tun daga jikoki har kwaɗo. Dogo ya waiga hagu da dama, ya matso.

"Wa ka gaya wa?"

"Kai kaɗai."

"To ni kuma kurma ne. Sa hularka mu koma."

"Dogo, shekara biyu yarinyar nan ta yi."

"Kai kuma nawa ka yi? Tsaya in tambaye ka. Ka yi ƙarya?"

"A'a."

"Ka yi da gangan?"

"Allah ya sani ban yi ba."

"An tambaye ka?"

"Ba a tambaye ni ba."

"To ina laifin? Kai Baba, kana da hanci amma ba ka da ido. In abin nan ya zauna, wa kake tsammani za a fara cewa ya je ya huta? Ni? Ni dai har yanzu ba a ƙera mai ɗaukar buhu ba. Allah ne ya tsaya maka, kai kuma kana neman ka ce masa ba ka so."

Dogo ya tafi ya bar shi da ruwa na zuba. Baba ya zauna a kan wani tsohon taya. Maganar Dogo ba ta banza ba ce, shi ya sa ta yi masa nauyi. Bai yi ƙarya ba. Amma ya tuna masu kawo gyaɗa. Akwai wanda zai rantse kayansa lafiya alhali ya san ba haka ba. Akwai kuma wanda ba ya rantsuwa, sai ya tsaya gefe ya yi shiru yana kallon sama, yana fatan hancin Baba ya yi kuskure. A cikin su biyun, na biyun ya fi ba shi haushi tun da can. Ya sake juya abin ta wani gefen. In ya faɗa, wa ya amfana? Yarinya ɗaya. Wa ya cutu? Shi, da matar da ta shekara talatin tana jiran albashinsa. Amma kuma in ya yi shiru, yarinyar za ta koma ta buɗe cikin na'urar tana neman kuskuren da babu shi. Za ta yi wata da watanni tana zargin kanta a kan kafur ɗin matarsa. Wannan ne ya kasa haɗiyewa.

Ƙarfe biyu saura kaɗan ya tura ƙofar ofis ko sallama bai gama ba. Manaja na riƙe da biro, Injiniya na zaune a bakin kujera da jakar a cinya.

"Ranka ya daɗe, a dakata. Na'urar nan lafiyarta lau. Ni na ɓata ta."

Ya faɗi komai, yana tsaye, hula a hannu. Da ya zo kan kafur sai muryarsa ta yi ƙasa.

Injiniya ta zuba masa ido. "Ka fitar da ita daga jaka."

"Na fitar."

"Ba murfi."

"Ba murfi."

"Kwana uku. Cikin kafur." Ta miƙe tsaye a hankali. Baba ya sunkuyar da kai yana jiran abin da zai biyo baya. Sai ya ji ta buga tebur. "Kafur! Ashe ba ta lalace ba! Ranka ya daɗe, cika ta yi! Ai dole ta nuna ja, komai aka ba ta kafur take ji! Wayyo Allah, ni ina nan ina cewa..." Ta juyo kan Baba, dariya da kuka a haɗe. "Baba, wallahi da ba ka haife ni ba, da yau na faɗa maka magana."

"Faɗi, 'yata. Na cancanta."

Manaja bai yi dariya ba. Ya ajiye biro ya daɗe yana duban Baba. "Ka bar ni na tara jama'a, an ɗauke ka a kafaɗa."

"Sai bayan an sauke ni na ji."

"Ka san abin da kake jawo wa kanka in ta ci?"

"Na sani."

"To. Alhamis. Sababbin buhuna. Daga nan babu wani zama."

Kwana ukun nan Baba bai taɓa aiki irinsu ba. Injiniya ta cire tsohon bututu ta jefar, ta sa sabo. Ta canja matacin gawayin da iska ke bi ta ciki, ta goge jikin na'urar, ta kai ta inuwar wata bishiya can nesa da motoci, ta bar ta tana zuƙar iska tun safe har yamma. Jakar ma an shanya ta a buɗe, an zuba sababbin ƙulle-ƙulle. Allon yana nuna ana samun sauƙi, amma bai iya cewa an gama ba. Sai Baba. Duk awa zai bar ƙofar sito ya zo da sauri, ya durƙusa, ya kara hanci a bayan na'urar.

"Saura."

"Har yanzu?"

"Kaɗan. Kamar rigar da aka wanke sau ɗaya."

'Yan dako sun daina yi masa waƙa. Dogo ya kwana biyu yana cin abincinsa shi kaɗai. A rana ta uku ya zo ya dire kwano a gaban Baba ya ce, "Ci, wawan tsoho. Ba don halinka ba."

Laraba da la'asar Baba ya durƙusa ya daɗe. Ya ja numfashi sau uku. Ya ɗago ido na ƙyalli. "Ta fita! 'Yata, ta fita tas!" Injiniya ta yi tsalle har tabarau ya faɗi.

Ranar Alhamis jama'ar ta fi ta Litinin. Wannan karon Manaja ya bar ta ta yi rabin awarta. Buhu na ɗaya, kore. Aka ce "Ah!" Na biyu, ja. Manaja ya leƙa takardarsa. Kore, kore, kore, sai ja a na shida. Daga nan kore ya yi ta zuwa, na bakwai, na takwas, har na goma sha ɗaya. Saura buhu ɗaya, saura fumfuna ɗaya. Baba ya riƙe hannun Dogo ya matse bai sani ba. Na'ura ta yi ƙararta, ta daɗe fiye da kullum.

Ja.

Manaja ya ɗaga takarda. Biyu, shida, goma sha biyu.

Wanda ya fi kowa ihu a siton nan Baba ne. "Ta ji shi! Kun gani? Ni na koya mata! Ni na koya mata!" Ya jefa hula sama, ya kama rawa shi kaɗai a tsakiyar fili, tsoho da shi, har 'yan dako suka kasa daurewa suka shigo.

Da ƙura ta lafa Manaja ya kira su gefe. Bai ɓoye ba. Daga ƙarshen kakar bana na'ura ce za ta tsaya a ƙofa. Baba ya gyaɗa kai. Ya san da haka, amma jin ta a kunne daban ne. Har yau, in ya zauna shi kaɗai, yakan tambayi kansa ko da zai iya buɗe baki da yarinyar ba ta ce ta san ba daga wurinsa ba ne. Bai taɓa samun amsar da ta kwantar masa da rai ba.

"Ranka ya daɗe, akwai saura," in ji Injiniya. "Irinta guda shida za a kawo. Suna buƙatar ɗakinsu, mai sanyi, marar danshi, marar warin komai. Kuma suna buƙatar mai kula da su, wanda zai shiga kullum ya san ko wani abu ya canja. Ni allona ba ya jin ɗaki. Mutum ɗaya na sani da yake ji."

"Wanda ya sa ta a kafur?"

"Shi. Duk garin nan babu wanda ya fi shi sanin abin da kafur ke yi."

Manaja ya yi tsaki, amma ya zaro tarin makullai ya miƙa. "Ku je ku zaɓa."

Suka bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, Baba a gaba, Injiniya a baya da littafi, Dogo na biye da su wai shi mai buɗe ƙofa. Ɗakin farko Baba ya sa kai ya fito. "An taɓa ajiye fenti." Na biyu, "Ɓera ya mutu a silin." Na uku, "Bangon nan yana shan ruwa." Na kusa da janareta ko tsayawa bai yi ba. Suka zagayo har ƙofar ofishin Manaja, wanda yake da na'urar sanyaya ɗaki da tagogin gilashi.

"Nan kam ya yi," in ji Injiniya a hankali. "In zai yarda."

Baba ya tura ƙofa, ya lumshe ido, ya ja numfashi. Manaja ya ɗago daga kan takardu.

"Ɗakin ya yi, ranka ya daɗe," in ji Baba. "Sanyi daidai, babu danshi. Abu ɗaya ne sai an fitar."

"Mene ne?"

"Man da kake shafa wa gashinka. Ko shi, ko kai."

Dogo ya saki makullai ya riƙe ciki. Manaja ya shafa kansa, ya sansana tafin hannunsa, ya dubi su ukun.

"Ku ba ni zuwa Litinin," in ji shi.